Sifana mai lamba 10 a hannun Mamana

Gyaran janareta da babur nake yi a Kano, shekara ashirin ke nan, kuma yaran da suka koyi aiki a hannuna sun fi goma. Duk maza ne. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina dalili ba sai da 'yata ta buɗe cikin motar wasan wanta.

Da ƙaramar sallah na sayo musu kayan wasa kamar yadda kowa ke yi. Namijin na ba shi mota mai batir, ita kuma 'yar tsana da ƙananan tukwanen roba. Haka muka taso: mu muna ƙera motar kara da ta langa-langa muna gara taya a layi, 'yan'uwanmu mata suna tuwon ƙasa a bayan ɗaki. Kwana uku motar ta daina tafiya, ya jefar da ita. Na dawo da la'asar na tarar da yarinyar, wadda nake kira Mamana saboda sunan mahaifiyata gare ta, ta kwance ƙusoshin motar da bakin wuƙa, ta gano wata siririyar waya da ta tsinke daga gidan batir, tana ta ƙoƙarin ɗaure ta da zare.

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ajiye wannan, ba naki ba ne." Ta ajiye. Da ɗan koyo ne a shagona ya gano wayar nan shi kaɗai, da na sa masa albarka a gaban kowa. Maganar ta daɗe tana ci na a rai.

Uwarsu tela ce, keken Butterfly take ɗinki da shi a cikin gida. Ana saura mako guda babbar sallah keken ya fara tsallake ɗinki, ga kayan mutane jibge. Ni ban san keken ɗinki ba, don haka aka aika wa mai gyara. Sai da ya kwana huɗu ya zo, kuma da ya zo aka ciro kan keken aka kai masa zaure, tunda baƙon namiji ba ya shiga. Allura ce ta ɗan lanƙwashe, sai ƙurar yadi da ta cushe ƙarƙashin haƙoran. Aikin minti goma ya cinye mata kwana huɗu.

A ranar na lura da abin da ke gabana kullum ban gani ba. Matanmu su ne ke juya inji a gida: keken ɗinki, injin taliya, wasu har da na markaɗe. Mun yarda su yi aiki da shi daga safe har dare, amma da ya tsaya sai su naɗe hannu su jira namiji, saboda tun suna ƙanana mun raba musu kayan wasa yadda ba za su taɓa sanin cikin komai ba.

Na fara koya mata ran Alhamis da Juma'a da yamma, lokacin da babu Islamiyya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 aikin janareta ya ja baya, don haka ina da sarari. Mun fara da sunayen kaya: filaya, sukudireba, sifana mai lamba 8, 10, 12. Dama ɗaurewa, hagu kwancewa, ban da fedar hagu ta keke, wadda take a juye. Sai facin tayar keken wanta: a hura tib, a tsoma a ruwa a nemi inda kumfa ke fita, a kankare, a shafa sholisho, a jira ya sha iska kafin a manna. Jiran nan ne yara maza ke kasawa. Ita ta jira.

Kuskurena na farko, ina yawan karɓe sifana daga hannunta. Da na ga ta ɗan jima a kan noti sai in ce, "Kawo in yi miki." Yaran shago kuwa nakan bar su su yi ta fama har sai sun gane. Ranar da ta ce, "Baba, ai ban gama ba," na ji kunya, na koma na zauna a benci na sa hannuwana a aljihu. Ta ɗaure notin fiye da kima har ta cinye zarensa. Na bar ta ta ga ɓarnar da idonta, na nuna mata yadda hannu ke jin noti ya kai ƙarshe, kuma ba ta sake ba.

Na biyu ya fi muni. Muna gwada ƙaramin janareta Tiger bayan ta wanke fulogi, ta sunkuya, gefen hijabinta ya kwanta a kan salansa mai zafi ya narke. Allah ya tsare fatarta. Ban taɓa tunanin tufafi ba saboda ban taɓa koya wa mai hijabi ba. Yanzu kafin ta taɓa inji sai ta ɗaura ɗankwali ta cusa bakinsa, ta naɗe hannun riga. Ta kuma haddace cewa ba a kunna janareta a ɗaki ko a rufaffen zaure, domin iskar da ke kashe mutane a hayaƙinsa ba ta da wari, kuma ba a zuba mai inji na aiki.

Hajiya, mahaifiyata, ba ta so ba da farko. Ta ce, "Kai, za ka sa hannun yarinya ya yi kanta, wa zai aure ta da baƙin mai a farce?" Na ce, "Hajiya, kantar taɓarya da ke hannunki ba ta hana Baba zama da ke shekara arba'in ba." Ta yi dariya ta ce in dai bar mata takwararta ta koyi tuwo. Tana koyo, kuma 'yar tsanarta na nan, har riga ta ɗinka mata. Na kuma ba Hajiya labarin Sandra Aguebor, wadda ta fara kanikanci a birnin Benin, ta kafa shirin koya wa mata gyaran mota a 2004, da garejin da mata ke gyaran motoci a Sakkwato, don ta san ba a kanmu farau ba.

Keken ɗinkin ma na nemi mai gyaran ya koya mana ni da ita tare, a zaure. Ta fi ni saurin gane saitin ƙwarƙwaro, yatsunta sun fi nawa shiga lungu. Watan jiya matar maƙwabcinmu ta aiko a kira ta, kekenta yana tsinka zare. Ta shiga inda ni ba zan iya shiga ba, ta sassauta notin zaren sama, ta ɗiga mai, ta dawo da naira ɗari biyu a ƙulle a bakin ɗankwali. Ta ce in ajiye mata, idan sun taru in saya mata sifana mai lamba 10 tata ta kanta a Ƙofar Ruwa, saboda tawa bakinta ya buɗe.