Ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Agege

Jama'a, ashe zanen gida ma aiki ne. Jiya bayan la'asar muka baje takardar a kan tabarma, ni da uwargida da mai zanen. Filin namu ƙafa 60 ne da 120, a nan Agege.

Ni dai burina ɗakin ƙarƙashin ƙasa, a zuba buhunan shinkafa da kayan shago. Mai zanen ya ce, "Alhaji, sai an gwada ƙasar tukuna." Da Lekki ne ko Ajah, ka ɗan haƙa kaɗan ruwa ya ɓullo. Agege tudu ce, jar ƙasa, amma ruwan Yuni da Yuli ba ya wasa. Dole a shafe bangon da maganin hana ruwa ta waje, a yi ƙaramin rami da famfon zuƙe ruwa, a bar kafar iska, in ba haka ba shinkafar ta yi fumfuna. Janareta kuwa ya ce ko da wasa kar ya sauka can, hayaƙinsa kisa yake a rufaffen wuri.

Uwargida ba ta damu da wannan ba. Ita dai kicin ya buɗe ta tsakar gida, falon baƙi kuma da ƙofarsa daban kamar zaure, don 'yan uwa daga Kano ba sa yankewa. Ɗakin Inna a ƙasa saboda gwiwa. Matakalar ce ta cinye rabin siton uwargida, nan fa aka ja daga.

Saura mu kai wa LASPPPA, hukumar ba da izinin gini ta jihar Legas, zanen don neman izini. A taya mu da addu'a.