Ƙurar hunturu ce ke hana firji yin ƙanƙara a bazara

Na bi diddigin na'urar ƙanƙara ta firjin gida a Samaru, Zariya, daga hunturu har ƙarshen damina. Aikinta ɗaya ne kullum: bawul, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya, ya buɗe kamar daƙiƙa 7, ruwa ya cika mazubi, in sanyin mazubin ya kai wajen digiri 9 ƙasa da sifili ta zubar da ƙanƙarar ta sake ɗiba. Firizar kuwa ana so ta tsaya a 18 ƙasa da sifili. Na rataya ma'aunin zafi a ciki, ban dogara da lambar jikin ƙofa ba.

Da hunturu babu matsala, zagaye ɗaya bai wuce awa ɗaya da rabi ba. A nan mutum ke sakankancewa, alhali ƙura na ta taruwa a kwandensa, wato bututun da ke fitar da zafi a baya ko a ƙasan firjin. Sai Maris da Afrilu, rana ta kusa digiri 40, abin ya fito fili: kwampireso, wato injin da ke samar da sanyi, ba ya hutawa, firiza ta kasa sauka, zagayen ya haura awa biyu. Da farko na zargi gas. Ashe ba shi ba ne. Na zare soket, na share kwandensa da fankarsa da burushi mai laushi, na janye firjin daga bango kamar tafin hannu, sanyi ya dawo. Yanzu ƙarshen Fabrairu nake sharewa, kafin zafi ya kankama. A duba takardar da ke manne a jikin firjin ma: mai alamar N iyakar zafin ɗaki da zai jure digiri 32, ST 38, T kuma 43. Mai N ba na bazarar Zariya ba ne.

Sai ruwa. Baƙin tanki a rana yana turo ruwa mai ɗumi, daskarewa ta daɗa jinkiri. Ga ƙarfin ruwan: yawancin bawul ɗin na son akalla 1.4 a ma'aunin ƙarfin ruwa da ake kira bar, tankin da ke kan mita 6 kuwa 0.6 kawai yake bayarwa. Tunda da lokaci bawul ke aiki, ruwa kaɗan ke shiga, ƙanƙara ta fito ƙanana masu rami a ciki. Wani lokaci bawul ɗin ba ya rufewa sosai, ya riƙa ɗiga har tiyon ya toshe da ƙanƙara. Ƙaramin injin tura ruwa da sabuwar matatar ruwa duk wata 6 suka magance wannan.

Damina kuma danshi ne. Kowace buɗe ƙofa na shigar da iska mai laima, ƙanƙara ta manne ta zama dunƙule, balle in an ɗauke wuta ta ɗan narke ta sake daskarewa. Dunƙulen sai ya tokare sandar da ke gane cikar bokitin ƙanƙara, na'urar ta ɗauka ya cika ta tsaya. Nakan juye bokitin duk mako. Robar ƙofa kuma da takardar Naira nake gwada ta: in na rufe ƙofa a kanta ta zare ba wuya, robar ta saki, sai canji.