Farin tabon da ya sa na fara cin launi

Wata safiya ina goge baki na hango farin tabo a gefen harshena, bai kai girman farce ba. Na kankare da burushi, ya ƙi fita. Ba zafi, ba jini, sai na share. Sai da ya yi wata guda yana nan daram sannan na je wurin likitar haƙori.

Tana haska fitila ta ce, "Malam, kana shan taba?" Na ce shekara 14 ke nan. Ta ce sunansa lukofilakiya; yawancinsa ba ya zama cutar kansa, amma wani yakan rikiɗe. Aka yanki ɗan nama aka kai gwaji.

Kafin sakamako ya fito na cika kaina da karance-karance. Jan tumatir da kankana laikofin ne, launin karas bita-karotin, shuɗin baƙin inabi antosayanin. Waɗannan launuka suna rage irin ɓarnar da hayaƙi ke yi wa ƙwayoyin jiki, kuma bincike ya nuna kansar baki ta fi ƙaranci a masu yawan cin ganye da 'ya'yan itace. Ni da gaggawa, na sayo kwalbar ƙwayoyin bita-karotin.

Ranar da na koma, sakamako lafiya lau, na fito da kwalbar ina taƙama. Ta ture ta gefe. A Finlan, in ji ta, an gwada ƙwayar a kan mashaya taba fiye da 29,000, a 1994 aka ga kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a waɗanda suka sha. A Amurka ma dakatar da irin gwajin aka yi a 1996. "Ka ci a abinci. Amma kafin karas, barin taba."

Karas ɗin ma na zaƙe. Kullum ruwansa kofi biyu, har tafin hannuna ya koma rawaya. Matata ta rantse shawara ce, ta buɗe min ido ta ga fari tas. Na rage, ya washe. Tumatir kuwa na koyi dafa shi da ɗan mai, don laikofin ya fi shiga jiki haka.

Barin taba ne ya ba ni wuya, sau uku ina komawa. Bayan na daina, tabon ya dusashe a hankali. Duk wata 6 nakan je likitar ta ɗaga harshen da auduga ta duba ƙarƙashinsa. Kwalbar tana cikin durowa, ko murfinta ban buɗe ba.