Motar da ke mutuwa idan ta yi zafi: yadda na gano ciwonta

Motata 'yar Kwatano ce, ƙirar 2004, mai silinda huɗu, daga Amurka aka shigo da ita. Lokacin da wannan matsala ta fara, agogonta yana nuna mil 187,000, wato kusan kilomita dubu 300. Ta yi mini hidima shekara da shekaru, ban taɓa kwana a hanya saboda ita ba, sai a bazarar da zan ba ku labari.

Ranar farko a cunkoson Kofar Nasarawa ne, wajen ƙarfe biyu na rana. Ina tsaye injin yana silo, sai kawai ya ɗauke kamar an kashe fitila. Babu gargada, babu tari. Na murɗa makulli, kik yana juyawa da ƙarfinsa, amma ta ƙi tashi. Wasu samari suka taya ni turawa gefe. Kafin yaron makanikina ya iso an yi kamar minti 25, yana zuwa ya murɗa sau ɗaya ta tashi. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, ai lafiyarta ƙalau."

Wannan kalma ita na yi ta ji har wata biyu. Ciwon da yake zuwa ya tafi ya fi wanda ya kwantar da mota wahala, domin a gareji ba ya nuna kansa. Makaniki kuma dole ya yi wani abu tunda ka kawo masa aiki, sai ya fara daga abin da ya fi yawan lalacewa. Aka ce famfon mai ne, saboda yana yin zafi ya tsaya idan ana yawo da tanki kusan fanko. Maganar tana da tushe, don fetur ɗin ne ke sanyaya famfon. Aka canza. Kwana huɗu ta sake mutuwa. Aka canza filogi, aka wanke nozul, aka wanke totur. Daga nan aka fara maganar birenbos, wato kwamfutar motar, kuma a nan na ja birki, don kuɗinsa ba kaɗan ba ne, kuma babu wanda ya iya gaya mini dalilin da ya sa ake zarginsa.

Abin da ya tsorata ni shi ne ranar da ta ɗauke ina cikin tafiya a hanyar Zariya, dab da Kwanar Dangora, da iyali a ciki. Idan injin ya mutu sitiyari yana yin nauyi, birki kuma bayan taki ɗaya ko biyu sai ya ƙame. Allah Ya kiyaye na samu na sauka daga kwalta. A daren nan na ɗauki ƙaramin littafi na ajiye a mota, na ce duk ranar da ta mutu zan rubuta lokaci, da tsawon tafiyar da na yi, da yawan man da ke tanki, da inda allurar zafi take, da ko na kunna na'urar sanyi, da mintin da ta yi kafin ta tashi.

Bayan mutuwa shida, littafin ya nuna abin da ban lura da shi ba. Ba ta taɓa mutuwa da safe ba. Kullum sai ta yi fiye da rabin awa tana aiki, galibi da rana tsaka, ga zafin Afrilu da kan kai maki 40 a Kano. Yawan mai bai shafi abin ba, sau biyu tanki a cike yake. Allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba, ke nan ba tafasa take yi ba. Kuma kullum sai ta huce take tashi.

Sai na sayi 'yar na'urar nan da ake cusawa a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, tana magana da waya ta Bluetooth. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da wannan soket mai rami 16, ana kiran tsarin OBD-II. A nan na gano wani kuskure da muka yi ta yi: duk lokacin da aka kai motar gareji, abu na farko shi ne a cire kan batir "don ta manta". Abin da take mantawar kuwa shi ne lambar da kwamfutarta ta ajiye game da ciwon. Shaidar da muke nema da hannunmu muke gogewa. Na roƙi makanikina kada a sake taɓa batir sai an karanta.

Da ta sake mutuwa, a bakin wani gidan mai, ban kira kowa ba. Na kashe rediyo na murɗa makulli rabi, na kasa kunne: ga ƙarar famfon mai daga baya, zuuu, daƙiƙa biyu ya tsaya. Famfo lafiya. Na buga kik ina kallon waya. Injin da ke juyawa da kik ya kan nuna gudu wajen juyi 200 a minti, amma tawa sifili take nunawa, alhali ina jin injin yana juyawa. Lambar da ta fito kuma P0335, wadda ke nuni da sensar karanshaf ko wayoyinta.

Aikin wannan sensa shi ne gaya wa kwamfuta inda fistin yake da kuma gudun injin. Idan kwamfuta ba ta ji daga gare ta ba, ba ta sakin wuta ga filogi, ba ta buɗe nozul. Shi ya sa motar ke ɗaukewa tsaf ba tare da gargada ba, saɓanin ta yunwar mai da kan yi ta fizga kafin ta mutu. Irin wadda ke motata maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar waya kamar gashi. Idan ta tsufa ta tsage, zafi yana buɗe tsagin, sanyi ya mayar da shi.

Na sayi ledar ruwa biyu masu sanyi, na leƙa ƙasan injin kusa da fuli inda sensar take, na tsiyaya a kanta kaɗai, ina kaffa-kaffa kada ya taɓa bututun hayaƙi. Ko minti uku ba a yi ba na murɗa, ta tashi.

Washegari na kai ta wurin wani dattijo mai wayarin. Bai yarda da lambar kawai ba, kuma ya yi daidai, domin lamba tana nuna unguwar da ciwon yake ne, ba ta nuna gidan. Ya bi wayar tun daga soket, ya girgiza ta injin yana aiki, ya duba ko ta goge a jikin ƙarfe. Sannan ya ciro sensar ya ɗora mita a kanta, ta nuna lafiya. Ya hura mata iska mai zafi, muna kallo lambar da mitar ke nunawa ta ɓace. Ya bari ta huce, ta dawo. Ya ce, "Malam, ga ɓarawonka." Na je Kofar Ruwa na nemo sabuwa ta asali, ban yarda da wadda aka ciro daga tsohon inji ba, don ita ma shekarunta ɗaya da tawa.

Mutuwa ta tsaya, amma akwai 'yar fizga da takan yi idan na taka totur a hawa, wadda da nake haɗawa da wancan ciwon. Ashe daban take. Na'ura ta ba da P0303, wato silinda ta uku tana tsallake wuta. Maimakon sayen kwayil huɗu, wato masu ba filogi wuta, muka musanya ta uku da ta ɗaya, na goge lambar na yi kwana biyu ina yawo. Ta dawo P0301. Ciwon ya bi kwayil ɗin zuwa sabon mazauninsa. Da muka ciro ta kuma, robarta jiƙe take da baƙin mai, saboda gasket ɗin murfin injin ya ƙame yana yoyo cikin ramin filogi. Da kwayil kaɗai muka canza, sabuwar ma haka za ta jiƙe. Muka canza su biyun.

Tsohon famfon mai yana nan a ajiye a gida, mai wayarin ya gwada shi ya ce babu abin da ya same shi. Littafin kuma har yanzu yana aljihun ƙofa tare da na'urar. Shafin ƙarshe da na rubuta shi ne ranar da aka sa gasket, kuma tun daga nan na je Kaduna sau uku na dawo.