Turaren wuta, ƙura da ƙararrawar hayaƙi

Duk wanda ya kama haya a Ingila zai tarar da wani farin faifai, faɗinsa kamar tafin hannu, manne a silin. Tun shekarar 2015 doka ta wajabta wa masu gidajen haya su sa ƙararrawar hayaƙi aƙalla ɗaya a kowane hawa na gida, su kuma tabbatar tana aiki ranar da ɗan haya ya karɓi makulli. A watan Oktoban 2022 aka ƙara ɗaure su, cewa idan ɗan haya ya kai ƙorafin ta lalace, dole a gyara ko a sauya. Sauran hidimar kuwa, gwaji da gogewa da sauya batir, tana wuyan wanda yake kwana a gidan. Ni a Manchester na koyi wannan hidima, kuma turaren wutar maiɗakina ne sila.

Gidan Bahaushe ya fi gidan Bature hayaƙi, wannan ba abin musu ba ne. Ga suyar tattasai da attaruhu, ga manja da ake bari ya yi zafi kafin a zuba albasa, ga kasko da ake zagayawa da shi ɗaki-ɗaki ranar Juma'a ko idan baƙi za su zo. Da farko sai hayaƙi ya turnuƙe tukuna ƙararrawarmu take kuka. A hankali ta zama mai saurin fushi, har ta kai ko tururin wanka ya fito daga bayi sai ta tashi gidan. Na ga yadda 'yan uwa suke maganin wannan a gidajensu: wani ya sa mata safa, wani ya ɗaure ta da leda da kyauro, wani ya zare batirin ya jefa a durowa da niyyar mayarwa gobe. Ban ga laifinsu sosai ba, don wanda jaririnsa ya samu barci da ƙyar ya san zafin abin. Amma na lura ba lalacewa ke kashe yawancin ƙararrawar nan ba. Gundura ce ke sa mai gida ya kashe ta da hannunsa.

'Yan kwana-kwana a garuruwa da yawa na Ingila suna zuwa duba gida kyauta idan ka nema. Wanda ya zo mana shi ya fahimtar da ni abin da ke cikin ƙararrawar. Irin tamu tana da wani ɗan ɗaki mai duhu a ciki, da ƙwan haske ƙarami da ido ba ya ganin haskensa, da kuma wani ido na lantarki da aka kawar gefe don kada hasken ya same shi kai tsaye. Idan hayaƙi ya shiga, sai ya tarwatsa hasken ya faɗa kan idon, ita kuma ta yi kuka. Matsalar ita ce na'urar ba ta san bambancin hayaƙi da ƙura ba, ko tururi, ko ɗan ƙwaro da ya samu mafaka a ciki. Idan datti ya riga ya taru, hayaƙi kaɗan ya ishe ta ta fara. Akwai tsohon samfuri mai aiki da ɗigon sinadarin americium-241, shi kuwa ya fi kowa tsanar girki. Kicin ma ba wurin ƙararrawar hayaƙi ba ne sam. Ta zafi ake sawa a can, wadda ba ruwanta da suya sai iskar silin ta kai wajen digiri 58.

Ranar da na fara sauko da ita na ga abin da ya sa take rigima. Tamu tana haɗe da wutar gida, ga batirin ko-ta-kwana a ciki, don haka sai da na kashe layinta daga akwatin wuta kafin na hau tsani. Wasu murɗawa ake yi hagu su rabu da gindinsu, wasu sai ka zura sukudireba a wata 'yar kafa ka zame su. Daga ƙasa fara ce tas. Da ta zo hannu sai ga ramukan gefenta sun yi rawaya, yatsa yana mannewa, ƙura ta kama maiƙon ta yi gashi-gashi, har da guntun yanar gizo a kusurwa. Na kai hanci, ƙamshin turaren gidanmu ne zalla. Hayaƙin turare yana tafe da mai, man ya kwanta a robar, shi ne yake riƙe duk ƙurar da ta gifta.

Gogewar ba ta cin minti goma. Na sa wa injin zuƙar ƙura kan buroshi mai laushi, na bi ramukan a hankali har na zagayo. Sannan na samu tsumma, na jiƙa na matse shi sosai har ba ya ɗiga, na goge bayanta, na bi da busasshe. Ba sabulu, ba feshi, ba turaren ɗaki, kuma ba a ɓalle ɗakin cikin don a leƙa. Masu fenti ma a ja musu kunne, don fenti yana toshe ramukan. Kafin na mayar na juya bayanta, inda ake buga ranar ƙira ko ranar da za a sauya ta. Shekara goma ce iyakarta ko da tana amsa gwaji, saboda idon yana dushewa. Ta hawan sama a gidanmu ta riga ta wuce wa'adinta, na tura wa mai gidan hotonta, aka kawo sabuwa.

Bayan ta koma sai a danne madannin gwaji har ta yi kuka. A gargaɗi yara tukuna, domin an ƙera ta ne ƙararta ta kai decibel 85, ma'aunin ƙarfin sauti, daga nisan mita uku, ga ka kuma a kan tsani kunnenka dab da ita. Gwajin nan sau ɗaya a wata nake yi, da sandar tsintsiya daga ƙasa. Gogewa kuwa masu ƙira kan ce duk wata shida, amma gidan da ake kunna kasko sai an rage, mu duk wata uku muke yi.

Akwai kuma wani ɗan kuka guda ɗaya, ƙit, da take yi kusan duk minti. Wannan batir ne ya yi rauni, kuma ya fi son tsakar dare, saboda sanyin asuba yana ƙara rage ƙarfin batirin da ya riga ya gaji. Ajiye batir mai bolt 9 ɗaya a gida ya raba ni da wannan tashin. Masu batirin lithium da aka rufe ruf na shekara goma ba a buɗe su, idan sun fara ƙit gaba ɗaya ake sauyawa.

Turare dai ba mu daina ba. Maiɗakina takan rufe ƙofar ɗakin da kasko yake, ta ɗan buɗe taga. Idan duk da haka ƙararrawar ta tashi, akwai madannin lallashi da ke sa ta yi shiru na kamar minti goma, sannan ta dawo bakin aiki da kanta. Safa ba ta cire kanta.

Da na je gida na tafi da guda biyu masu batir na sa a gidan Hajiyarmu a Kano, don hunturu lokacin gobara ne, ga hita a bokiti, ga gawayi a ɗaki. A nan na ga ƙa'idar wata shida ba da mu aka yi ta ba. Hazo bai yi nisa ba ta kira ni.

"Ɗan nan, abin nan naka ya hana mu sakat. Ko girki ba a ɗora ba yake ihu."

"Ki yi haƙuri Hajiya, ƙura ce. Don Allah kada a cire batirin, a ba ni autanki."

Gidan babu injin zuƙar ƙura, sai na sa ƙanena ya sauko da ita ya bi ramukan da busasshen buroshin fenti sabo, yana riƙe da ita baki ƙasa don dattin ya zubo. Yanzu daga Nuwamba zuwa Fabrairu duk wata yake yi. Ta falo kuma muka matsar da ita kamar mita ɗaya daga fukafukan fanka, don iskar tana kore hayaƙi kafin ya iso ta, aka kuma bar tazarar santimita 30 daga bango. Zafin bazara ma abin lura ne: yawancinsu an rubuta kada zafin wurin ya wuce digiri 40 ko kusa da haka, silin da ke ƙarƙashin kwano a watan Afrilu kuwa yana iya zarce nan, batir kuma ba ya daɗewa a irin wannan zafi.

Abu ɗaya na nanata wa ƙanen nawa, don na ji yana cewa yanzu ko janareta aka shigo da shi soro ba komai. Ƙararrawar hayaƙi ba ta jin iskar carbon monoxide, wadda ba ta da wari ko launi, kuma ita ce ke kashe mutane cikin barci daga janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki. Wannan na'urarta daban, ita ma da nata wa'adin a rubuce a jiki, wasu shekara bakwai, wasu goma. Janareta ya koma tsakar gida, nesa da taga, ta carbon monoxide ɗin kuma na saya na ba wani mai tafiya ya kai musu.