Aikina a ajin 'yan shekara uku

A makarantarmu da ke Mabera ni ce mataimakiyar malamar ajin 'yan shekara uku. Ita ke riƙe da alli, ni kuma lallashi, share majina da kai yara bayi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40, rabin aikina ba da ruwa ne, don yaron da ƙishi ya dama ba ya jin karatu.

Iyaye kuwa rubutu kawai suke nema. Wata uwa ta ce min, "Malama, har yanzu bai iya rubuta sunansa ba?" Na ce, "Hajiya, bari yatsunsa su yi ƙwari tukuna." Shi ya sa muke ba su laka su murza, su jera murafen kwalba, kafin fensir.