Malam-buɗe-littafi a tsakiyar sanyin Biyana

Wani taro ne ya kai ni Biyana, babban birnin Ostiriya, a watan Janairu. Ranar ƙarshe an tashi da wuri, sai na rataya kyamarata na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar Karlsplatz, daga nan na taka da ƙafa har lambun Burggarten da ke bayan fadar Hofburg. Itatuwa duk sun kaɗe ganye, sanyi kuwa har cikin ƙashi. A gefen lambun akwai wani dogon gini na ƙarfe da gilashi da aka yi a farkon ƙarni na 20 don tsirran ƙasashe masu zafi. Wani ɓangarensa ne aka mayar gidan malam-buɗe-littafi, suna kiransa Schmetterlinghaus.

Ina shiga ɗumi ya buge ni a fuska, sai ka ce damina ce ta faɗi. Zafin ciki yana kai kusan maki 26 a ma'aunin Celsius, ga laima mai yawa, ga ƙarar ruwa yana zuba. Na ɗaga kyamara ban ga komai ba, raɓa ta rufe gilashinta ruf. Na zaro hankici zan goge, wani dattijo mai riƙe da tasa kyamarar ya girgiza mini kai. Ya ce in ƙyale ta, gilashi ne mai sanyi ya haɗu da iska mai ɗumi, ko na goge za ta dawo. Na bar ta a wuya kusan minti 20.

Jiran nan ya amfane ni, domin da ido na fara kallo. Na tsaya gaban wani akwatin gilashi inda aka jera ƙunshin tsutsotsin da ke rikiɗewa su zama malam-buɗe-littafi a rataye, wasu kore shar, wasu kamar busasshen ganye. Daga gonakin da ake kiwonsu a ƙasashe irin su Kosta Rika da Filifin ake kawo su. A gabana ɗaya ya tsage, abin ciki ya fito a jiƙe, fukafukai a cukurkuɗe, ya maƙale yana jiran su miƙe. Yawancinsu makonni kaɗan suke yi a duniya bayan wannan fitowa.

Wanda ya ɗauke mini hankali shi ne shuɗin nan na dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu da ake kira Morpho. Faɗinsa ya kai tafin hannu. In yana tashi, shuɗin yana walƙiya kamar sabon rinin da ya sha bugu. Kuma ba wani launi aka zuba masa ba, ƙananan ɓawo-ɓawon da ke jikin fiffiken ne ke karya haske su maido da shuɗi. Amma da zarar ya sauka sai ya rufe fukafukai, abin da za ka gani kawai ruwan ƙasa ne da ɗigo-ɗigo masu kama da idanu.

Nan na tuna yadda muke binsu muna yara a bakin rafi, muna cewa malam buɗe mana littafi. Wallahi sai da na ji bakina yana faɗin haka a hankali.

Na bar bin masu tashi, na durƙusa kusa da wani faranti da aka zuba ayaba da ta nuna har ta yi baƙi. Ɗaya ya sauka a kai, yana tattaka ta, domin da ƙafa suke ɗanɗana abinci, sannan ya warware dogon bakinsa da ke naɗe ya fara tsotsa. Na daidaita kyamara a kan idonsa, na danne numfashi, gwiwoyina suna zogi. Can rana ta ɗan leƙo ta rufin gilashi, ya buɗe fukafukan gaba ɗaya. Na danna sau uku. Biyu sun yi dishi-dishi, na ukun ya fito tar, har da wata 'yar yagewa a gefen fiffikensa na hagu.